Sababbin Pokémon sun kai na da kuwa?

Ɗan uwa ka tambaya ko sababbin wasannin bidiyo na Pokémon sun kai na da, ni dai a wajen wahala ko kusa ba su kai ba. Duba Gold da Silver na 1999, kana gama yankin Johto sai a buɗe maka yankin Kanto, jimillar bajin nasara 16, ga Red, babban abokin karawa na ƙarshe, can cikin dutsen Mt. Silver yana jiranka, wallahi sai ka yi gumi kafin ka kada shi. Sword da Shield na 2019 kuwa suka cire halittun Pokémon da yawa, Exp. Share ma, wato abin da ke raba wa duk Pokémon ɗinka makin ƙwarewa bayan faɗa, ba ya kashuwa, ko ba ka wahala ba ka wuce. Scarlet da Violet akwai daɗin yawo inda ka ga dama, amma yadda hoton ke maƙalewa a na'urar wasa ta Switch abin haushi ne. A cikin sababbin, fara gwada wasan Legends Arceus tukuna.