Faifan Baba ne ya lalace, ko haka kiɗan yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Cikin kayan marigayi Babanmu na tsinci wani faifan garmaho, an rubuta Ornette Coleman, Free Jazz a bangonsa. Na kai Sabon Gari aka juye mini shi a waya. Ina kunnawa Inna ta leƙo ta ce wa ya kawo mata kasuwa tsakar gida. Kowa busarsa yake, ba mai jiran wani. Lalacewa ya yi?
Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba. Faifanka lafiyarsa ƙalau, haka masu shi suka so shi.

Coleman mai busa saksofon ne, ɗan jihar Texas a Amurka, ya rasu a 2015. A watan Disamba na 1960 ya tara makaɗa takwas har da shi a birnin New York, ya raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni da mai gangarsa. Suka kama kiɗa kusan minti 37 ba tsayawa. Abin da aka tsara tun farko ɗan kaɗan ne, sauran duk nan take kowa ya ƙirƙiro nasa, yana sauraron na kusa da shi. Faifan ya fito a 1961.

Ga inda gizo ke saƙar: rukuni ɗaya a lasifikar hagu aka sa shi, ɗayan a ta dama. In ka kunna da bakin waya, duk sai su cakuɗe, shi ne kasuwar da Inna ta ji. Sa iyafis, ka cire na dama tukuna. A hagu Coleman yake, tare da Don Cherry mai ɗan ƙaramin ƙaho.

Ka taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Daushe ai. Algaitar wannan hakimi ba ta gama wucewa ba, kalangun na bayansa sun iso, ga kakaki can gefe. Ba wanda ya ce an ɓata kiɗa, kunnenka ne ke zaɓar wanda zai bi. To haka za ka yi a nan, ka kama mutum ɗaya ka bi shi.

Ni kaina sai a karo na uku ya shige ni, kuma har yau farkonsa yana gajiyar da ni. Ka daure zuwa wajen ƙarshe, inda masu busa ke ja da baya, Charlie Haden da Scott LaFaro su rage suna tsinkar manyan gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa. Wurin nan kamar hirar dattawa biyu bayan isha'i.

Inna kuwa ka bar ta da Shata.