Tambaya da Amsa: Yadda Ruwa Ke Tafiyar Kilomita 50 Ba Tare da Inji Ba

Tambayoyin wannan wata sun karkata kan hanyoyin jawo ruwa daga nesa, kuma injiniyoyin ruwa da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Na ga hoton wata gada mai hawa uku a Faransa, aka ce don ruwa aka gina ta. Me ke tura ruwan ya hau can sama alhali a lokacin babu inji? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ruwan bai taɓa hawa ba. Gadar da ka gani ita ce Pont du Gard, Rumawa suka gina ta a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinta kusan mita 49. Ɗan yanki ce kawai na hanyar ruwa mai tsawon kilomita 50 da ta tashi daga wani idon ruwa kusa da garin Uzès ta ƙare a birnin Nîmes. Idon ruwan ya fi birnin tudu, don haka ruwan gangarowa yake yi tun daga farko har ƙarshe. Da hanyar ta iso kwarin kogin Gardon sai aka ɗora ta a kan gada, domin idan ta sauka cikin kwarin ba za ta sake hawowa ba.

Gwanintar duk tana ga awon gangara. Bambancin tudu tsakanin idon ruwan da tankin birnin bai wuce mita 13 ba, wato kimanin santimita 25 a kowace kilomita. Idan gangarar ta yi yawa, ruwan zai riƙa gudu yana cinye yaɓen, kuma ya iso ƙasa da gidajen da ake son ya kai wa. Idan ta yi kaɗan, ya kwanta, laka ta zauna ta toshe hanya. Abin awonsu wani dogon tebur ne na katako, kusan mita 6, da aka yi wa kwarmi a sama ana zuba ruwa a ciki don a ga ko ya daidaita. Da shi ake bi gaɓa-gaɓa, shi ya sa hanyar ke kewaye tsaunuka tana lanƙwasa, alhali tsakanin Uzès da Nîmes a miƙe kilomita 20 ne.

Ita kanta magudanar faɗinta ya ɗan haura mita ɗaya, an gina ta da dutse, an yaɓe cikinta da farar ƙasa haɗe da dakakken jan bulo don kada ta yi yoyo, sannan an rufe samanta saboda rana da ƙura. Ana barin ƙofofin shiga a kan hanya don masu gyara. Wasu hanyoyin suna da tankunan da ruwa ke rage gudu a ciki, yashi ya kwanta kafin ya wuce. A Nîmes ruwan na faɗawa wani zagayayyen tanki mai kafofi 10, daga nan bututun dalma su raba shi unguwa-unguwa.

Hotuna suna ruɗin mutane, domin gada ce ke ɗaukar ido. Mafi yawan hanyar a binne take. Ta farko da aka yi wa birnin Rum, Aqua Appia, a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kilomita 16 ce kuma kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa. Wata hanyar ta birnin Rum, Aqua Marcia, kilomita 91 ce, kusan 80 daga ciki a binne. Haƙa ya fi gina gada araha, ruwan ya fi sanyi, abokan gaba ma ba sa saurin ganinta.

Tambaya: To idan kwarin ya yi zurfin da gada ba za ta yiwu ba fa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Sai a bar buɗaɗɗiyar magudana a koma rufaffen bututu. Kin san tiyon da magina ke cika wa ruwa su ɗauki lebur: duk yadda tsakiyarsa ta sauka ƙasa, ruwan da ke bakunansa biyu daidai yake tsayawa. Haka ake yi. A gina tanki a bakin kwarin, bututu ya gangara har ƙasa ya haura ɗaya gefen zuwa tanki na biyu. Sharaɗi shi ne tanki na biyu ya ɗan fi na farko ƙasa, in ba haka ba ruwan zai cika bututun ya tsaya cak.

Matsalar ita ce matsi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i ta bangon bututun. Hanyar Gier da ke kai ruwa Lyon a Faransa ta ƙetare kwarin da zurfinsa ya haura mita 120. Babban bututun dalma guda ɗaya ba zai jure wannan ba, sai suka jera ƙanana da yawa gefe da gefe. Wani amfanin haka shi ne idan ɗaya ya fashe, a toshe shi a gyara, sauran suna aiki.

Tambaya: Alhazai suna ba da labarin Ainu Zubaida a Makka. Irin wannan aiki ne? Daga wani Alhaji a Agadas.

Amsa: Dabarar ɗaya ce, Alhaji, sai dai wurin samo ruwan ya bambanta. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ce ta ɗauki nauyin aikin a farkon ƙarni na 9, aka jawo ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa, ya wuce ta Muzdalifa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ake tarowa a gindin tsauni. Ana haƙa uwar rijiya har a tarar da ruwa, sannan a bi da rami mai 'yar gangara zuwa fili, ana jera rijiyoyi a kansa don fitar da ƙasa da samun iska. Tun da gangarar ramin ba ta kai ta doron ƙasa ba, a hankali ruwan zai fito sarari da kansa. Mutanen Iran na kiransa ƙanat, a yankin Tuwat na Aljeriya kuwa fogara, kuma har yanzu ana shayar da gonakin dabino da shi. Abin da ke kashe shi a yau shi ne rijiyoyin burtsatse da ke zuƙe ruwan har ya sauka ƙasa da bakin ramin.

Tambaya: Me ya sa yawancin hanyoyin ruwan Rumawa suka mutu? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Rashin gyara. Ruwan da ya ratso farin dutse yana barin ɓawo a jikin bango, a wasu sassan hanyar Nîmes kaurinsa ya kusa rabin mita a kowane gefe. Saiwar bishiya na tsaga gini. Ga kuma satar ruwa, wadda Frontinus, da aka naɗa shugaban ruwan Rum a shekara ta 97 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya koka da ita a rubuce. A 537 mayaƙan da suka kewaye Rum suka datse hanyoyin. Wadda aka ci gaba da kula da ita, Aqua Virgo, har gobe tana kai ruwa tsakiyar birnin.

Tambaya: Akwai idon ruwa a tsauni sama da ƙauyenmu. Za mu iya jawo shi ba da inji ba? Daga wani dagaci a yankin Mambila.

Amsa: Ranka ya daɗe, za a iya, da bututun roba. A fara auna ruwan a ƙarshen rani, lokacin da ya fi ƙanƙanta. Idan jarkar lita 20 ta cika a daƙiƙa 40, rabin lita ke nan a daƙiƙa, wato lita 43,200 a kwana, abin da zai bai wa mutum 2,000 lita 20 kowanne har da saura. A kai samfurin ruwan a gwada, sannan a sa mai awo ya tabbatar babu inda bututun zai haura tudun idon ruwan.

A gina akwatin siminti a rufe idon, da kafar da rarar ruwa za ta fita. Kada a bar ruwa ya taru ya danne idon, zai sauya hanya ya ɓulla wani wuri. Daga nan ƙaramin tankin kwantar da yashi, sai bututu a binne shi aƙalla santimita 60 saboda rana, gobarar daji da kofaton shanu. Duk inda bututun ya hau ƙusumbi a sa mafitar iska, domin iskar da ta maƙale can ita ce ke tsayar da ruwa mutane su zaci idon ya ƙafe. Duk inda ya sauka kwari a sa makunnin wanke laka. Idan gangarar ta haura mita 60, a tsaga ta da ƙaramin tanki a tsakiya don karya matsin, in ba haka ba mahaɗan bututun ne za su fara fashewa. Babban tankin ya zauna sama da gari, ya iya ɗaukar ruwan da ke taruwa da dare, wajen lita 20,000 a misalin da muka bayar. A kuma naɗa mutum biyu masu duba layin duk wata, da bayan kowane babban ruwan sama.