Shin akwai homon da ke kare ƙwayoyin da ke yin insulin?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji labarin wani homon (sinadarin da jiki ke fitarwa cikin jini don daidaita aikinsa) mai kare ƙwayoyin insulin, kana tambaya ko zai warkar da ciwon sukarin Baba. Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri.

Ƙwayoyin da ake kira beta ne ke ƙera insulin, wato homon ɗin da ke sauke sukarin jini, a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Idan sukari da kitse suka daɗe da yawa a jini, aiki ya kan fi ƙarfinsu: insulin ɗin da bai naɗu daidai ba ya taru a cikinsu, su galabaita, wasu su mutu. Homon ɗin GLP-1, wanda hanji ke fitarwa bayan cin abinci, an ga yana rage wannan galabaita a gwajin ɓeraye, har ƙwayoyin su ƙara kwana. Shi ake kwaikwayo a allurar exenatide, da Amurka ta amince da ita a 2005, da Ozempic a 2017.

A jikin mutum kuwa, irin wannan allura na sauke sukari da ƙiba, amma galibi in an daina, sukarin ya sake hawa. Ga tsada, ga buƙatar firiji, kuma ka san zafin Maradi da ɗaukewar wuta.

A ganina, abin da zai fi sauƙaƙa wa ƙwayoyin Baba shi ne sukarin ya sauka tun yanzu: rage fura mai sukari da shayi mai zaƙi, tafiya da yamma, da shan maganin da likita ya rubuta. In yana kan insulin, kada ya daina.