Wayar parabol tana ja na: ina zan ɗaura wayar ƙasa?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. In na taɓa bakin ƙarfen wayar parabol a bayan dekoda sai in ji kuran ya ɗan ja ni. Bara da damina kuma tsawa ta ƙona mini dekoda. Wani yaro mai gyara ya ce in ɗaura waya a ƙarfen taga, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Malam, don Allah kada ka ɗaura a taga. Ƙarfen taga bai kai ga danshin ƙasa ba, kuran kawai za ka kai inda yara ke dafawa.

In ka fere wayar za ka ga jan ƙarfe guda a tsakiya, sai farar roba, sai raga ta siraran zaruruwa. Na tsakiyar ke kawo hoto, ta nan kuma dekoda ke aika bolt 13 ko 18 zuwa kan parabol, wannan ba ya jan mutum. Abin da kake ji daga tele ko dekoda yake tsiyayowa ya hau ragar, don yawancinsu filogi mai ƙafa biyu gare su, ba su da hanyar zubar da shi. In jan yana da ƙarfi, kashe komai ka kira mai aikin kuran yau ɗin nan.

Ragar ita ake kaiwa ƙasa, a daidai inda waya za ta shiga ɗaki. Akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu da noti a gefe: wayar parabol ta shiga nan ta fita can, a notin kuma a ɗaura wayar jan ƙarfe mai kaurin 4 mm², gajera, ba lanƙwasa, zuwa sandar ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa don kuran ya bi ta. Ƙafar parabol da ke kan rufin kwano tana son tata wayar mai kaurin 16 mm². Kuma sandar da kuran gidan ke amfani da ita za a kai su. In an kafa wata daban ba a haɗa su ba, ranar tsawa wutar ta cikin dekodarka za ta bi daga wannan sanda zuwa waccan.

Gidaje da yawa da na shiga ba su da sandar ma sam, abin yana damuna. A kafa mai mita 1,5 zuwa 2. Ƙasarmu rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas, don haka a nemi gefen makwarara ko inda ruwan alwala ke zuba kullum. Gawayi a ramin ba laifi, amma gishirin da ake zubawa cin ƙarfen yake yi a hankali.

Wajen sa bakin ƙarfe a ƙarshen wayar parabol, bar jan ƙarfen tsakiya ya fito kamar milimita 7, ka mai da ragar baya. Zare ɗaya tak in ya taɓa na tsakiya, hoto ya tafi. Kafin waya ta shiga bango a ɗan sauko da ita ƙasa sannan ta hau, ruwan sama ya ɗiga waje.

Duk da haka, in aradu ta faɗo kan gidan kai tsaye wannan aikin ba zai ceci dekoda ba. Da ka ga hadari ya taso daga gabas, tun bai fara walƙiya ba, zare filogi, ka kwance wayar parabol ɗin ita ma.