Tumakin Merino: daga ina laushin ulunsu yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon Balami da 'Yankasa a Funtuwa. Na ga bidiyon wani gida a Ostareliya, uba da 'ya'yansa suna kiwon tumaki don gashinsu, wai da shi ake saƙa yadin kwat mai tsada. Yaya suke yi gashin ya yi laushi haka? In na samo irin, zai yi a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sa wa kiwo albarka. Waɗanda ka gani Merino ne, asalinsu Sifaniya, inda aka daɗe ana hana fitar da su waje saboda darajar ulunsu. Sun isa Afirka ta Kudu a 1789, Ostareliya kuma a 1797, ga shi yau ita ce kan gaba a duniya wajen ulu mai laushi na tufafi.

Laushin nan auna shi ake yi, ba shafawa da hannu ba. Ma'aunin sunansa maikuron, wato a raba milimita ɗaya gida 1,000. Silin gashin kan mutum yakan haura maikuron 50, na Merino mai kyau kuwa 19 ne ko ƙasa da haka. Silin da ya wuce 30 shi ne ke sukar fata, shi ya sa wata rigar sanyin take sa ƙaiƙayi.

Aikin gida irin wanda ka gani daga rago yake farawa, tunda rago guda yana iya hawa tumaki 50 a zango ɗaya, kuma kaurin sili yana bin jini ƙwarai. Kafin su saye shi sai an yanki ɗan ulu daga tsakiyar haƙarƙarinsa an kai ɗakin gwaji, takardar awon ce za ta yi magana, ba girman ƙaho ba. Amma wanda ya dage kan laushi kaɗai, bayan 'yan shekaru zai ga ulun ya ragu a sikeli, tumakin sun ƙanƙance. Don haka ana haɗawa da nauyin ulu, da girman jiki, da yadda tunkiya ke raino. Ni kam a yau ba zan ba kowa shawarar rago mai yawan ninkin fata ba. A cikin ninkin nan, musamman wajen gindi, fitsari da kashi ke maƙalewa, koren ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta ci dabba da ranta. A da maganin da suka dogara da shi shi ne yanke fatar gindin ɗan tunkiya, aikin da Niyuzilan ta haramta a 2018. Zaɓen iri mai sumul ɗin fata ya fi tausayi.

Wurin da na fi so ka kula shi ne ciyar da mai ciki, domin nan ne ake asarar da ba a ganinta da ido. Cikin tunkiya wata biyar ne, kusan kwana 150. Ƙananan ramukan fata da ke fitar da sili mafi laushi a kashi na ƙarshe na cikin suke samuwa a jikin ɗan tayi. In uwa ta sha yunwa a wannan lokaci, ɗan zai zo da ramuka kaɗan, ulunsa ya yi kauri kuma ya yi ƙaranci har ƙarshen rayuwarsa, ko da ubansa ragon miliyoyi ne. Babu abincin da zai gyara wannan daga baya.

Ita ma babbar tunkiya ulunta littafin shekararta ne. Duk makon da ta yi zazzaɓi, ko tsutsar ciki ta kama ta, ko ciyawa ta yanke, silin da ya tsiro a lokacin sai ya sirance. Mai tantance ulu yakan ciro tsagi ɗaya kaurin yatsa, ya riƙe bakinsa biyu ya ja, ya ɗan kaɗa tsakiyar da yatsa kusa da kunnensa. Mai ƙarfi zai yi ƙara kamar tsirkiya. Mai rauni zai tsinke daidai inda wahalar ta faɗo, kuɗinsa ya faɗi nan take. Yunwa tana sa ulu ya sirance, gaskiya ne, amma laushin yunwa ba ya jure injin saƙa.

Aski sau ɗaya ne a shekara a mafi yawan gidaje, tunkiya ta ba da kilo 4 zuwa 5 kafin a wanke maiƙon. Ana shimfiɗa ulun a kan tebur, a cire gefen da ya ɓaci. Zaren buhun leda ko baƙin gashi kaɗan ya isa ya karya darajar ƙunshi guda, domin rini ba ya ɓoye su.

Batun kawo su Funtuwa kuwa, ɗan'uwa, ba na ba ka shawara. Ba zafi ne babbar matsalar ba, ai suna rayuwa a busasshen yankin Karu na Afirka ta Kudu. Damina ce: ulu ya jiƙe ya ƙi bushewa, fata ta ruɓe a ƙarƙashinsa, ƙuda ya samu gida. Da kaka kuma ka san yadda ƙarangiya ke kama bakin wando, to ka ƙiyasta ta a jikin dabba mai ulu tsawon yatsa. Balaminka da 'Yankasanka gashi gare su, ba ulu ba, in suka kwana garke ɗaya gashinsu zai shiga ulun ya ɓata shi. Ko tumakin ulun da yankinmu ke da su, na Masina a Mali da Kundum na bakin kogin Kwara a Nijar, ulunsu mai kauri ne, bargo ake saƙawa da shi. Kafin ka kashe ko sisi, fara nemo wanda zai auna ulun ya saya. In babu shi, kuɗin ka zuba su a harawa da dusa don tumakinka masu ciki, ka kuma samo littafi ka riƙa rubuta wane rago ya haifi wane.