Tambayoyinku kan Fasaha: Ajiye Makin Ɗalibai a Waya

Tambaya: Ni malami ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Kurna, kuma ajina yana da ɗalibai sama da 60. Duk ƙarshen zango sai na kwana ina tara maki da kalkuleta, ga shi ba ni da kwamfuta. Wace manhaja ce za ta taimaka mini?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Shawarata ita ce kada ka fara da sayen manhaja mai tsada. Wayar Android da ke hannunka ta isa. Ka sauke Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi, kyauta ce, kuma duk mai asusun Gmail yana da rumbun ajiya na gigabait 15. Ka jera sunayen yara daga sama zuwa ƙasa a layin farko, sannan gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida da jarrabawa kowanne da layinsa. Idan tsarin makarantarku maki 40 ne na gwaje-gwaje da 60 na jarrabawa, umarnin SUM zai haɗa jimilla, AVERAGE ya fitar da matsakaicin makin aji, RANK kuma ya nuna wanda ya zo na ɗaya da wanda ke biye da shi. Sau ɗaya za ka rubuta umarnin, sai ka kwafa shi zuwa ƙasa. Ka kuma kunna damar buɗe takardar ba tare da intanet ba, domin ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni aikinka ba zai tsaya ba.

Amma abin da ya fi damuna ba tara makin ba ne, a'a, gano ɗalibin da ke ja da baya da wuri ne. Akwai tsarin da ke sauya launin gurbi bisa sharaɗin da ka gindaya, misali duk makin da ya gaza rabi ya koma ja. Na taɓa zama da wani malamin lissafi muka saita wannan, sai ga layin wata yarinya ya yi ja sau uku a jere, alhali a zangon baya tana cikin na gaba-gaba. Da ya bincika, ashe idonta ne ba ya hango allo daga bencin baya. A mako na biyar aka gano, ba sai ranar raba sakamako ba. Saboda haka ka riƙa shigar da maki a ranar da ka duba takardun.

Tambaya: Ni shugabar makarantar firamare ce a Gwale. Shin ya dace mu riƙa tura sakamakon yara a zauren WhatsApp na iyaye?

Amsa: Malama, ban ba da wannan shawarar ba. Makin yaro sirrinsa ne da na iyayensa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara. Ki mayar da sakamakon kowane yaro takardar PDF, a tura wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa kai tsaye. Asusun da ke riƙe da makin ma ya zama na makaranta ne, ba na wani malami ba, don kada ya tafi da shi ranar da ya bar aiki.