Dillalin Littafi Ya Mayar Maka Da Kaya

"Malam, dillalan littafi goma sha ɗaya na tura wa labarina a Landan. Tara sun ce a'a, biyu ko uffan. In haƙura da rubutun nan ne?"

Zauna tukuna, ɗana. Miƙo wayar in ga amsoshin.

Ka ga takwas ɗin nan? Duk bakinsu ɗaya: mun gode, bai dace da mu ba, muna maka fatan alheri. Wasiƙa ce da ke ajiye, sunanka kawai aka liƙa. Kada ta hana ka barci. Mutumin nan dillali ne, ba alƙali ba. La'ada yake ci, kashi 15 cikin ɗari na abin da kamfanin ɗab'i ya biya ka, in bai sayar ba kuwa ya kwana da yunwa. Je kara ranar kasuwa ka gani, dillali na wuce lafiyayyen sa ko kallo, don mutanensa yau raguna suke nema. Wanda duk ya ce ka fara biyan shi kuɗin karanta littafinka kuwa, ɗan damfara ne, rufe wayarka.

Ta taran nan ita ce abin dubawa. Layi biyu matar ta rubuta da kanta, ta ce labarin bai tashi ba sai shafi na 20. Gaskiya ta faɗa, ai na karanta. Galibinsu babi uku na farko suke nema, da taƙaitaccen labari da wasiƙa. Kai kuma ka cinye babi guda yarinya na farkawa, ta yi alwala, ta hura gawayi, ta dama koko, har ka tsaya kana yi wa Bature bayanin mene ne koko! Inda kawunta ya shigo da goro a leda, ya dire kan tabarma, uwar ta kau da kai ta ci gaba da tsince shinkafa, nan littafinka ya fara.

Mu da muke rubutu da Hausa ba mu san dillali ba. Kano na kai nawa, na biya maɗaba'a da kuɗin aljihuna, na dawo Bauchi da kwafi dubu. Babu wanda ya ce min a'a, rabinsu kuwa gara ta cinye a ƙarƙashin gado.

Zubar da shafuka 19 na farkon nan, ko da za ka ji kamar haƙori ake cire maka. Ka same ni a shagon Wunti ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da jan biro, nawa ya ƙafe.